Yadda Ake Fitar da 'Yar Ƙwallo Zuwa Waje, da Yadda Ƙasa Ke Kiranta Gida

Tarihin kulob-kulob na 'yar ƙwallon Najeriya Asisat Oshoala zuwa 2024 layi ɗaya ne idan aka rubuta shi: FC Robo ta Legas, Rivers Angels a 2013, Liverpool a 2015, Arsenal a 2016, Dalian Quanjian ta ƙasar Sin a 2017, Barcelona a 2019, Bay FC ta Amurka a 2024. Mai karatu yana gani kamar hawan tsani, ƙafa bayan ƙafa. Mu da ke aikin sakatariya a kulob na gasar mata ta Najeriya, idan muka dubi layin, jakunkunan takardu muke gani. Kowane waƙafi tsakanin suna da suna yana ɗauke da kwantiragi, gwajin lafiya, izinin aiki da takardar sallama ta ƙasa da ƙasa, kuma ɗaya daga ciki idan ta ƙi, tafiyar ta fasu ko da yarinya ta fi kowa iya taka leda.

Mun bi wannan hanya da wata 'yar tsakiya tamu da wani kulob na arewacin Turai ya nema. Ba za mu faɗi sunanta ko na kulob ɗin ba. Ga dai yadda aikin ya tafi, da wuraren da ya cije.

Abu na farko da muka buɗe ba bidiyon wasanta ba ne, takardun shaidarta ne: fasfo, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN, da lasisin gasa na kowace kaka. Muka jera su a tebur, sai ga suna iri uku. A fasfo sunan mahaifi ne a gaba, a lasisi sunan kakanta aka maƙala, a NIN kuma an sauya harafi ɗaya a sunanta na yanka. A gida ba wanda zai ɗaga kai, kowa ya san ita ce. Amma tun 1 ga Janairu 2018 duk wata ƙwararriyar 'yar wasa da za ta tsallaka iyaka sai an bi da ita ta na'urar FIFA ta intanet da ake kira TMS, inda kulob mai sayarwa da mai saye kowa ke shigar da bayani daga ɓangarensa. Na'urar ba ta san ɗan'uwa ba. Idan suna, ranar haihuwa, kuɗi ko ranar biya suka saɓa, ba ta haɗa cinikin. Gyaran ya ci mu makonni: rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, sannan neman gyara a ofishin NIN, domin fasfo ba ya gyaruwa sai NIN ta gyaru. Duk kulob mai 'yar wasa da ake sa ran za ta fita, ya yi wannan aikin tun babu mai nema. Yin sa bayan tayi ya zo, lokacin kasuwar musayar 'yan wasa na ƙarewa, shi ne haƙa rijiya bayan gobara ta tashi.

Ranar haihuwa ta fi suna nauyi. Sashe na 19 na dokar FIFA kan matsayi da musayar 'yan wasa ya hana fitar da wadda ba ta cika 18 ba. Akwai 'yan togaciya, kamar idan iyaye sun ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko idan gidan yarinya da kulob ɗin duk suna cikin kilomita 50 daga iyaka, amma babu wadda ta dace da yarinyar da ke Lafiya ko Yola tana son zuwa Suwidin. Dillalin da ya ce zai fitar da 'yar shekara 16 yana nufin ɗayan biyu: ko zai taɓa takarda, ko zai ajiye ta a can ba rajista, tana atisaye ba ta buga wasa.

Sai muka koma kan matsayinta a wajenmu. A dokar FIFA, ƙwararriya ita ce mai rubutaccen kwantiragi wadda ake biyanta fiye da abin da take kashewa kan wasan. Duk wadda ba haka ba 'yar sha'awa ce, ko da kowane wata ana tura mata alawus. Wannan ne ke yanke ko kulob zai ga kuɗin ciniki. Idan babu kwantiragi, ko ya ƙare, yarinya tafiyarta za ta yi kyauta, kulob sai dai ya yi mata addu'a. Idan saura wata shida ko ƙasa da haka ya ƙare, tana da ikon sa hannu da wani kulob tun yanzu, ta koma idan wa'adin ya cika. Tamu saura mata kaka guda, don haka dole kulob ɗin waje ya rubuto mana kafin ya fara magana da ita, kamar yadda sashe na 18 ya tanada.

Wasiƙar ta zo ta imel, da tambari da sa hannu. Ba mu amsa ba sai da muka tantance, domin wasiƙar gayyata ta bogi ta fi ta gaske yawa a hannun 'yan wasanmu. Muka duba ko adireshin imel ɗin na shafin kulob ne ko irin na kyauta da kowa ke buɗewa. Muka kira lambar da ke shafin kulob ɗin, ba wadda ke jikin wasiƙar ba. Muka nemi sunan jami'insu mai kula da TMS. Alamar da ba ta ƙarya ita ce kuɗi: kulob na gaske ba ya cewa 'yar wasa ta biya kuɗin rajista, kuɗin gwaji ko kuɗin inshora kafin ta zo. Dillalin da ya shigo tsakani kuma muka nemi lasisinsa na FIFA, wanda tun 2023 sai an ci jarrabawa ake samu, muka karanta yarjejeniyar wakilcin da ya kawo mata. Doka ba ta yarda ta wuce shekara biyu ba. Tasa ta ce shekara biyar, kuma tana ba shi kaso daga duk kuɗin da za a sayar da ita nan gaba. Wannan na biyun haramun ne tun Mayu 2015, lokacin da FIFA ta hana wani na uku mallakar kaso a cinikin ɗan wasa. Aka soke sassan biyu kafin ta sa hannu.

Doka ba ta bukaci izinin iyaye ga wadda ta haura 18, amma wanda ya san gidajenmu ba zai tsallake wannan ba. Mun je gida mun zauna da mahaifinta da kawunta, muka fassara musu kwantiragin sashe-sashe da Hausa. Tambayoyinsu ba na albashi ba ne: ina za ta kwana, da wa, wa za a kira idan ta yi rashin lafiya, yaushe za ta dawo. Amsoshin nan muka mayar da su rubutu a cikin kwantiragi, kuma daga baya su ne suka fi amfani.

A kwantiragi mun fi daɗewa, kuma nan ya kamata a daɗe. Adadin albashi da aka rubuta, kafin haraji ne ko bayan haraji? A arewacin Turai bambancin na iya cin kusan kashi ɗaya cikin uku, yarinya ta riga ta yi wa gida alkawari da babban adadin. Gida: kulob ne zai biya kai tsaye, ko za a cire daga albashi? Ɗaki nata ita kaɗai ko da abokiyar zama? Wuta, ɗumama ɗaki da intanet a kan wa? Tikitin jirgi nawa a shekara, kuma zuwa Abuja ko Legas kawai, ko har garinsu? Ana biyan wata 12 ne ko watannin kaka kaɗai? Ƙananan kulob da yawa na biya daga fara atisaye zuwa wasan ƙarshe, watannin hunturu kuma babu ko sisi. Don a san ma'auni: a gasar Sifaniya, bayan yajin aikin 'yan wasa na Satumba 2023, mafi ƙarancin albashi ya zama Yuro 21,000 a shekara a kakar 2023/24, ya hau 23,500 a 2025/26. Wannan babbar gasa ce. Wanda ya yi wa iyaye lissafin kuɗin maza ya yaudare su.

Tsawon kwantiragi bai wuce shekara biyar a doka, amma na farko a wajen mata yawanci shekara ɗaya ne ko biyu, da zaɓin ƙari. A duba zaɓin a hannun wa yake. Idan kulob ne kaɗai ke da ikon ƙarawa, kuma a kan tsohon albashi, to yarinya ta yi kaka mai kyau ta ci gaba da karɓar kuɗin sabuwar zuwa. Mun nace a rubuta sabon albashi na shekarar ƙari tun yanzu. Mun kuma sa adadin da idan wani kulob ya biya dole a sake ta. Irin wannan sashe ne Arsenal ta yi amfani da shi ta ɗauke Oshoala daga Liverpool a 2016. Ga kulob ɗinmu, muka karɓi ƙaramin kuɗi a hannu tare da kaso daga cinikin gaba, saboda kulob na farko a Turai mashigi ne kawai. Rasheedat Ajibade daga FC Robo ta tafi Avaldsnes ta Norwe, daga can Atlético Madrid ta ɗauke ta a 2021. Kuɗin yana ciniki na biyu.

Akwai sashen da ba ma bari a taɓa, na haihuwa. Tun Janairu 2021 dokar FIFA ta ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, da kashi biyu cikin uku na albashi, kuma kulob ba shi da ikon soke kwantiragi don ta yi ciki. Ba rubutu ba ne kawai: Sara Björk Gunnarsdóttir ta Aisland ta kai kulob ɗin Lyon na Faransa ƙara kan albashin da aka riƙe mata tana da ciki, aka yanke a biya ta sama da Yuro 82,000. Daga Yuni 2024 an ƙara da cewa wadda ciwon al'ada ya hana ta atisaye ko wasa za a biya ta cikakke. Duk kwantiragin da ya zo da sharaɗin gwajin ciki, ko alkawarin ba za ta yi aure ba, a mayar wa mai shi.

Wani wuri da mutane ke ruɗewa: yarjejeniyar da ke tsakanin kulob da kulob ana iya rataya ta a kan cin gwajin lafiya, amma kwantiragin 'yar wasa ba a rataya shi a kan gwajin lafiya ko samun izinin aiki. Da zarar kulob ya sa hannu, ya ɗauka. Shi ya sa kulob mai wayo ke gama gwaji kafin alƙalami ya taɓa takarda, shi ya sa kuma mu muka yi namu gwajin a gida tukuna, don kada a je can a ji kunya. An auna bugun zuciya da na'ura, an ɗauki hoton zuciya, an ɗebi jini. A jini an duba yawansa, ajiyar sinadarin ƙarfe, rukunin jini na sikila, da ciwon hanta. Tamu ajiyar ƙarfenta ta yi ƙasa, abin da ya zama ruwan dare ga mata masu gudu da yawa saboda al'ada, kuma shi ne dalilin da take faɗuwa a minti ashirin na ƙarshe, abin da muka daɗe muna ɗora wa lalaci. Likita ya ɗora ta a kan magani, aka sake awo bayan makonni. Gwiwa kuwa ita likitocin Turai suka fi tsayawa a kai. Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi samun mata sau da yawa a kan maza, kuma jinya bayan tiyata wata tara ce zuwa shekara. Tsohon rauni da aka ɓoye, hoton MRI zai tona shi cikin rabin awa. Gara a faɗa da baki, a kawo takardar asibitin da aka yi jinya.

Biza iri biyu ce kuma ba a haɗa su. Ta ziyara tana isa a je gwaji, ba ta isa a buga wasan gasa a karɓi albashi. Izinin aiki kulob ne ke fara nema daga can, sannan yarinya ta kai fasfo da yatsunta a ɗauka a nan. A tabbatar fasfo ya fi kwantiragi tsawon rai, domin ba a ba da izinin zama da ya wuce ranar mutuwar fasfo. Mai shafi 64 na shekara goma ya fi mai shafi 32 na shekara biyar ga wadda za ta riƙa yawo da tawagar ƙasa, shafuka na cika da wuri.

A nan ne rayuwar kulob da ta ƙasa ke ɗaure da juna, kuma nan ne muke ganin an fi yin sakaci. Ingila ba ta ba da bizar wasa sai hukumar ƙwallonta ta ba da takardar amincewa, kuma babban abin da take aunawa shi ne yawan wasannin gasa da 'yar wasa ta buga wa babbar tawagar ƙasarta a shekaru biyun baya, da matsayin ƙasar a jadawalin FIFA, da ƙarfin gasar da ta fito. Yarinya mai cin ƙwallo kowane mako a gida amma ba ta taɓa sa rigar Super Falcons, babbar tawagar matan Najeriya, ba, ƙofar Ingila kusan a rufe take gare ta. Oshoala ba daga Fatakwal, garin Rivers Angels, kai tsaye idon Liverpool ya gano ta ba. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Kanada a 2014 ta ci ƙwallo bakwai, ta ɗauki kyautar gwarzuwar gasa da ta mai yawan ƙwallaye, duk da Jamus ta doke Najeriya 1-0 a wasan ƙarshe. Watanni kaɗan bayan haka ta sauka Ingila. Chiamaka Nnadozie ta tsare wa Najeriya raga a gasar duniya ta 2019 a Faransa tana 'yar 18, a 2020 Paris FC ta ɗauke ta daga Rivers Angels. Wadda ba ta samu wannan dama ba, hanyarta Suwidin, Norwe ko wata gasa mai sauƙin shiga, irin hanyar da Perpetua Nkwocha ta bi zuwa Sunnanå tun 2007.

Ranar shigar da bayani a TMS mun zauna da jami'in can a waya, muna karanta wa juna kowane layi kafin a danna. Ana ɗora kwantiragi, yarjejeniyar ciniki, fasfo, da shaidar cewa babu wani na uku mai kaso. Idan bayanan suka haɗu, hukumar ƙwallon can ta nemi takardar sallama, wato ITC, daga hukumar ƙwallon Najeriya, NFF. Kyauta ake ba da ita, ba sharaɗi, ba wa'adi. Duk wanda ya nemi kuɗin ITC, aljihunsa yake nema wa. A da hukumar ƙasar da ake bari tana da kwana bakwai ta amsa. Bayan hukuncin kotun Tarayyar Turai kan shari'ar ɗan wasan Faransa Lassana Diarra a Oktoba 2024, FIFA ta rage shi zuwa awa 72. Abin da ke kashe ciniki shi ne agogo: dole a nemi ITC kafin kasuwar ƙasar da za a je ta rufe, kasuwar Najeriya ba ta da ruwa a ciki. Kuma kasuwannin ba ɗaya ba ne, domin Ingila, Sifaniya da Faransa na wasa daga Satumba zuwa Mayu, Suwidin, Norwe da Amurka kuma daga wajen Maris zuwa Nuwamba. Mu mun kusa makara da kwana ɗaya, saboda an rubuta kuɗin ciniki da Dala a ɓangarenmu, da Yuro a nasu.

Ta isa, aka yi mata rajista, sai wata sabuwar makaranta. Filayen arewa da yawa ciyawar roba ce, kuma takalmi mai dogayen ƙusoshi yana kafewa a cikinta lokacin juyi, ƙafa ta tsaya gwiwa ta juya. Ana bukatar mai gajerun ƙusoshi masu yawa. Rana ba ta isa ba a can, fata mai duhu kuma ta fi jinkirin haɗa bitamin D, don haka likitan kulob ya ɗora ta a kan ƙwaya. Batun azumi ta zauna da koci da likita tun kafin wata ya kama, aka tsara abin sahur da lokacin atisaye. Idan Ramadan ya faɗo a bazarar can yini na kai awa goma sha takwas ko fiye, wannan kuwa tambaya ce ta malamai, ba ta sakatare ba. Ga mai sa hijabi, dokar wasa ta amince da rufe kai tun 2014, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da shi a 2023. Amma hukumar ƙwallon Faransa ta hana shi a gasanninta, babbar kotun mulki ta ƙasar ta goyi bayanta a Yuni 2023. A san wannan kafin a amsa tayin Faransa, ba bayan an sauka ba.

Magani shi ne abin da muka fi jan kunnenta a kai. A dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, abin da aka samu a jikinki naki ne, ba a tambayar wa ya ba ki. Tramadol, da ake sha a gida kamar maganin ciwon jiki, ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Ƙarin ruwa da ya wuce mililita 100 cikin awa 12 haramun ne sai a jinyar asibiti ko da izini na musamman, alhali a gida da an ce zazzaɓi sai a kira mai kemis ya rataya leda. Jiƙo da garin magani da aka ƙullo mata daga gida ba wanda ya san abin da ke ciki. Ka'idar da muka ba ta gajera ce: komai za ki sha, ki ɗauki hotonsa ki tura wa likitan kulob tukuna.

Muka kuma rubuta mata abin yi idan albashi ya tsaya. Idan aka riƙe mata wata biyu, ta rubuta wa kulob takardar gargaɗi ta ba su aƙalla kwana 15. Idan ba su biya ba, tana da hujjar soke kwantiragi ta kai ƙara kotun ƙwallo ta FIFA, inda ɗan wasa ba ya biyan kuɗin shari'a, muddin ba a bari shekara biyu ta wuce ba. Kuskuren da ake yi shi ne fushi: a haɗa kaya a hau jirgi ba takarda. Wadda ta yi haka ita ce ta karya kwantiragi, ita za a bi bashi.

Da kiran tawagar ƙasa ya zo, aikin ya juya, yanzu kulob ɗin can ne ke riƙe da ita, gida ke nema. Dole hukuma ta sanar da 'yar wasa da kulob a rubuce aƙalla kwana 15 kafin ranar farko ta hutun wasannin ƙasa da ƙasa. Idan ranakun suna cikin kalandar FIFA ta mata, sakinta wajibi ne, kuma ba a biyan kulob ko kwabo don haka. Idan sansani ne na wajen kalanda, sai kulob ya ga dama. Kafin gasar duniya ta 2023 ranar saki ta dole 10 ga Yuli ce, kwana goma kafin wasan farko, duk abin da ya gabaci haka sai da lallashi. Tikiti a kan hukuma yake, inshora kuma a kan kulob. Bayan wasan ƙarshe tana da awa 24 ta koma bakin aiki, ko 48 idan a wata nahiya aka buga. Awa 48 daga wani birnin Afirka zuwa ƙaramin gari a arewacin Turai, da sauya jirgi biyu, ba ta da yawa. A kiran farko da aka yi wa tamu wasiƙar ta isa a makare, tikitin komawa kuma aka yanka shi kwana uku bayan wasa. Kulob ya saki don mutunci, amma ta dawo ta tarar wata ta zauna a gurbinta. Tun daga nan, da an ga sunanta a jerin farko, muke sa ta nemi ganin tikitin komawa kafin ta hau na tafiya.

Ƙin amsa kira ma ba mafita ba ne. Wadda aka kira ta ƙi zuwa ba ta da ikon buga wa kulob a tsawon ranakun da ƙarin kwana biyar, sai hukuma ta yafe. Idan ta ce rauni ne, hukuma na iya sa likitanta ya duba ta.

Mafi wuya shi ne gasar nahiya. Ta 2022 da wadda Najeriya ta ci karo na goma a 2025, bayan doke Maroko 3-2 a Rabat, duk a Yuli aka yi su. Ga 'yan wasan Sifaniya da Ingila wannan hutu ne da aka cinye. Ga na Amurka da arewacin Turai tsakiyar shekarar wasa ce. Jiki ɗaya ne, ubangida biyu. Oshoala ta gama kakar 2021/22 da ƙwallo 20 a gasar Sifaniya, ta zo gasar 2022 a Maroko ta ji ciwo a gwiwa a wasan farko da Afirka ta Kudu, gasar ta ƙare mata a nan. FIFA na da shirin biyan kulob albashin wadda ta ji rauni a aikin ƙasa idan jinya ta haura kwana 28, amma sai da rahoton likitan tawaga da hoton da aka ɗauka a kan lokaci. Kada 'yar wasa ta bar sansani da rauni ba kwafin takardun nan a jakarta.

Haka batun kuɗin ƙasa. Kowa ya tuna 2016, lokacin da Super Falcons suka ci kofi a Yawunde suka dawo suka ƙi barin otal a Abuja sai an biya su. A gasar duniya ta 2023 FIFA ta ware wa kowace 'yar wasa Dala 30,000 a matakin rukuni, 60,000 ga waɗanda suka kai zagaye na biyu, inda Najeriya ta tsaya bayan Ingila ta fitar da ita a bugun fenareti. Kuɗin ta hannun hukumomi yake bi. Abin da muka koya wa tamu shi ne ta riƙe littafi: ranar shiga sansani, ranar fita, wasa, mintin da ta buga, alawus da aka yi alkawari, abin da ya shigo asusu. Littafin nan na amfani sau biyu, wajen bin haƙƙi da wajen lissafin bizar Ingila.

Da kulob na biyu ya saye ta da kuɗi, sai aikin ya dawo teburinmu. Dokar da muka yi aiki da ita ta ce diyyar horarwa, wadda ake biya idan yaro ya fara zama ƙwararre, ba ta shafi ƙwallon mata ba. Abin da ya shafe su shi ne kason haɗin kai: kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki, a raba wa kulob-kulob da suka rene ta daga shekarar da ta cika 12 zuwa ta 23. A ce an sayar da ita Dala 100,000, kason 5,000 ne. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana cin 250, daga 16 zuwa 23 kuma 500. Ba yawa, amma farashi na hawa: Bay FC ta biya Madrid CFF Yuro 735,000 kan Racheal Kundananji ta Zambiya a 2024, Chelsea ta haura Dala miliyan ɗaya kan Naomi Girma a Janairu 2025. Ana rabon ne da abin da ke rubuce a fasfon wasa da NFF ke fitarwa, mai jera duk inda aka yi mata rajista. Namu shekarun sun fito, aka biya. Ƙaramar makarantar ƙwallon da ta koya mata tsayar da ƙwallo daga shekara 12 zuwa 15 ba ta taɓa yi mata rajista da hukumar jiha ba, don haka layukan nan huɗu a fasfon babu sunan kowa. Kocinta na farko ya kawo mana hotuna da wani tsohon kofi, muka duba tare, babu ko ɗaya da za a iya ɗorawa a na'ura.